Katan uku na kaset emti a sito: a buɗe, a sayar, ko a ajiye?

Saƙonka ya iso ni, ɗana. Ka ce kuna kwashe siton mahaifinku, Allah ya jiƙansa da rahama, wanda ya yi sana'ar kaset a Ƙofar Wambai, sai kuka tarar da katan uku na kaset ɗin bidiyo. Mafi yawansu emti ne, wato ba a ɗauki komai a kansu ba, cikin ledarsu, wasu an buɗe an yi rubutu a jiki, ga kuma ɗauri biyu na kwalaye da babu kaset a ciki. 'Yan'uwanka suna cewa a kira 'yan jari bola su kwashe, kai kuma ka ji an ce Turawa suna sayen irinsu da kuɗi mai kauri. Kana son sanin ko suna da daraja, yadda ake gane na ƙwarai, da yadda za ka adana su idan ka yanke shawarar riƙewa.

Kafin komai, kada ka yage ko leda ɗaya, kuma kada ka zubar da ko kwali ɗaya, har sai ka gama karanta wannan. Sannan ka tuna kayan magada ne. Ko da kowa yana ganinsu a matsayin shara, ka sa a yi musu ƙima a gaban kowa, ka biya, ko su yafe maka da bakinsu. Abin da babu mai so yau shi ne ake rigima a kansa gobe idan aka ji yana da kuɗi.

Maganar kuɗin zan fara kawarwa, don kada ka ɗora buri a inda babu. Gaskiya ne a 2022 an yi gwanjon wani kaset a Amurka a kan dala 75,000, kuma labarin ya zaga duniya. Amma wannan kaset ɗin wani shahararren fim ne, bugun farko-farko, ba a taɓa buɗe shi ba, kuma ya fito ne daga hannun ɗaya daga cikin 'yan wasan fim ɗin. Kaset emti ba ya cikin wannan sahu. An buga su da yawan da ba ya ƙirguwa, kuma har yanzu suna jibge a ɗakunan ajiya a ƙasashe da dama. Irin waɗanda aka yi a ƙarshen shekarun 1990 zuwa na 2000, kuɗin aika su waje kaɗai zai cinye abin da za a ba ka. Waɗanda masu tarawa ke wa rububi su ne na farkon zamani, ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, sai masu babban daraja da aka yi wa ƙwararru, sai kuma nau'in da bai yi tsawon rai a kasuwa ba. A katan uku na ɗan kasuwar Kano, in ka sami goma irin waɗannan ka yi sa'a. Ni darajar da nake gani a kayanka ta wani wuri ce daban, zan zo kanta.

Na fara taɓa kaset tun ina yaron shago, ina goge kan bidiyo da tariyo kaset, daga baya na shekara da yawa ina kwafi da gyara. Abu na farko da nake koya wa duk mai son tarawa shi ne ya iya karanta jikin kwali, domin komai a rubuce yake.

Fara da nau'i. Sony ne ya fito da Betamax a 1975, JVC ya biyo da VHS a 1976. Dukansu faɗin zarensu rabin inci ne, amma gidan Betamax ya fi ƙanƙanta, kuma taga ɗaya gare shi, fefe ɗaya kawai kake hangowa. VHS ne ya ci kasuwa, har ya zama a nan Kano in an ce kaset ɗin bidiyo shi ake nufi. Idan ka ga ƙaramin kaset mai lamba L-500 ko L-750, wannan Betamax ne, ka ware shi gefe, domin a garin nan ya yi ƙaranci ƙwarai. Akwai kuma na kyamara: VHS-C na 1982 da ake sakawa cikin wani babban gida kafin bidiyo ya karɓa, da Video8 na 1985, da Hi8 na 1989. Masu ɗaukar biki da suna su suka fi amfani da su. Idan kuma ka ci karo da wani ƙato mai nauyi da ya fi VHS girma, U-matic ne na 1971, kayan gidajen talabijin. Philips ma ya yi nasa mai suna Video 2000 a 1979, wanda ake juyawa gefe biyu kamar kaset ɗin rediyo. Ban taɓa riƙe shi a Kano ba sai sau ɗaya, a kayan wani da ya yi karatu a Jamus.

Sai harafin da ke gaban lamba, wanda mutane da yawa suka yi shekaru suna sayarwa ba su san ma'anarsa ba. E-180 na ƙasashen da ke kan tsarin talabijin na PAL ne, irin namu da Ingila da Jamus, kuma 180 ɗin mintoci ne, wato awa uku. T-120 na tsarin NTSC ne, na Amurka da Japan, awa biyu. Abin mamakin shi ne tsawon zaren kusan ɗaya ne: E-180 yana da kimanin mita 258, T-120 kuma kimanin mita 247. Bambancin daga gudun inji yake. Bidiyonmu yana jan zare kusan santimita 2.3 a sakan, nasu kuma kusan 3.3. Shi ya sa in ka saka T-120 a bidiyon Kano zai ba ka awa uku saura 'yan mintoci. Zaren da ba a ɗauki komai a kai ba bai san PAL ba bai san NTSC ba, injin da ya fara ɗauka shi ke ba shi tsari. Ga mai tarawa, harafin yana gaya maka hanyar da kaset ya biyo. E ya zo ne ta hanyar da aka saba, daga Turai ko Dubai ko Jidda ko ta Legas. T a cikin katan ɗin Ƙofar Wambai baƙo ne, ko dai tsarabar wani ce ko ya shigo cikin kayan gwanjo.

E-180 shi ne abincin kasuwarmu, saboda fim ɗin Indiya yana neman awa uku. E-240 ya fi tsawo amma zarensa siriri ne, tsohon bidiyo da ƙafafunsa suka gaji yana tauna shi, don haka masu kwafi ba su cika sonsa ba.

Shekarun kaset kuwa ba a rubuta su ƙarara, amma kwali yana tona asiri. In ka ga an rubuta W. Germany, an yi shi kafin haɗewar Jamus a 1990, ko dab da ita. BASF da Agfa za ka fi ganin haka a kansu. Sashen kaset na BASF ya koma EMTEC a 1997, saboda haka duk inda sunan nan ya bayyana ka san na baya-baya ne. Goldstar na Koriya ya zama LG a 1995. Scotch na kamfanin 3M ne, wanda ya ware harkar kayan ɗaukar bayanai a 1996. Alamar S-VHS, wato VHS mai ƙarin ingancin hoto, ba ta wuce 1987 a tsufa ba, kuma in ka kifa kaset ɗin za ka ga wani ƙaramin rami na daban a ƙasansa wanda inji ke gane shi da shi. Idan akwai adireshin intanet a bayan kwali, to daga tsakiyar shekarun 1990 ne zuwa sama. Idan kuma babu layukan nan baƙaƙe na lambar kaya kwata-kwata, kwalin mai kauri ne, an rubuta an yi a Japan, to ka riƙe shi da hannu biyu, mai yiwuwa na farko-farko ne. TDK, Maxell, Fuji, Sony, JVC da National duk suna da irin waɗannan.

Haruffan HG, EHG, HGX, Pro da makamantansu matakin inganci ne da kowane kamfani ya raɗa wa nasa. Babu wata hukuma da ta tsara su, HG na wannan ba lallai ya kai na wancan ba. Amma a cikin kamfani ɗaya tsanin gaskiya ne, kuma na saman su aka fi yi wa ado, da ruwan zinare da baƙi, su ne kuma ba a shigo da su da yawa ba saboda tsada.

Yanzu ga dalilin da ya sa na hana ka yage leda. A manyan kamfanoni da dama, adon da ke jan ido, launuka da layuka da tambari da jadawalin mintoci, a jikin ledar aka buga shi. Kwalin ciki sau da yawa fari ne ko mai sauƙin zane, da layukan rubuta suna. Ka yage leda, ka yage rabin abin da ake tarawa, kuma ba ya dawowa. Ledar kamfani tana da alamunta: ta kama jiki tsam, an naɗe bakinta sama da ƙasa kamar yadda ake naɗe sabulu, kuma akwai siririn zare da ya zagaye ta na ja a buɗe. Wadda aka sake rufewa a kasuwa za ka ga ɗinkin zafi a gefe, mai kauri, ledar babu rubutu, wani lokaci har da ƙura a ciki. Mun ga irin wannan da yawa: a goge tsohon kaset, a sake masa leda, a sayar a matsayin sabo.

A cikin wanda aka riga aka buɗe, duba ko takardar sitika tana nan. Kowane sabon kaset yana zuwa da falle ɗaya: doguwar sitika ta ƙeya, faffaɗa ta fuska, da ƙananan lambobi da haruffa na jera kaset a kanta. Kaset da kwalinsa da sitikarsa ba a ɓanɓare ba, wannan cikakke ne ko da babu leda. In kana son sanin ko an taɓa amfani da shi, kalli taga: sabo zarensa duka yana kan fefen hagu, a naɗe sumul kamar an goge. A gefe kusa da murfi akwai ɗan maɓalli, danna shi ka ɗaga murfin a hankali. Farkon zaren garau yake kamar gilashi, ta nan inji ke gane ƙarshe da haske. In ka ga ƙarce ko tattarewa a gefen zaren, ya shiga inji. Kada ka taɓa shi da yatsa. Sannan duba ɗan harshen nan na ƙeya da ake karyawa don hana ɗauka a kai. In an karya, ko an toshe ramin da salatif, to kaset ɗin ya yi aiki, wataƙila ba sau ɗaya ba.

Jabu ma suna nan, kuma ni ba na zubar da su. Za ka gane su da rashin nauyi, da bugun kwali da launinsa ya zarce layi, da suna da aka sauya wa harafi ɗaya don ya yi kama da na babban kamfani. Na ƙwarai yawanci ƙusoshi biyar ne suka riƙe gidansa ta ƙasa, robarsa mai kauri. Wani jabun ka matsa shi da hannu sai ka ji yana ƙara. Mafi muni shi ne wanda aka rage wa zare. Na taɓa sayen katan guda a hannun wani dillali, an rubuta awa uku, na ba wani mai ɗaukar biki ɗaya daga ciki, zare ya ƙare ana tsakiyar kamu. Mutumin ya zo shago idonsa ja, domin ba a sake kamu don mai kyamara. Har yau in na tuna sai na ji nauyin abin. Na ajiye guda biyu daga katan ɗin, suna kan kantata, saboda su ma shaida ne na yadda kasuwar ta kasance.

To, ga inda nake ganin darajar kayan mahaifinka. A wasu ƙasashe kaset emti abin ɗaukar shirin talabijin ne a gida. A Kano kuwa shi ne jarin wata sana'a sukutum. Tun kafin fim ɗin Hausa, a kansa ake kwafar finafinan Indiya da na Sin da wa'azi, a rarraba daga Ƙofar Wambai da Bata zuwa garuruwan Arewa har Nijar da Kamaru da Gana. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, hanyar rarrabawa tana nan a shimfiɗe, fim ɗin Hausa ya hau kanta kawai. Kuma ka san yadda cinikin yake? Mai fim ba ya sayar da kaset. Zai kawo uwar kaset guda, ya je ya buga kwali, ya sayar wa 'yan kasuwa kwalin. Ɗan kasuwa shi zai sayi emti da kuɗinsa, ya jera bidiyoyi a ɗaki suna kwafa dare da rana, ya zura kowanne a kwalin da ya saya. Yawan kwalin da aka saya shi ne ribar mai fim. Kaset a cikin kwalin asali halal ne, wanda babu kwali ko aka buga masa na boge shi ne satar fasaha. Wani Bature mai bincike, Brian Larkin, ya zauna a garin nan a shekarun 1990 ya rubuta wannan tsari a littafinsa na 2008, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ma ya yi rubutu mai yawa a kan harkar.

Saboda haka ɗaurin kwalayen nan biyu da 'yan'uwanka ke gani kamar na hura wuta, ni su zan fara ɗauka kafin kaset ɗin. In na finafinan Hausa ne da ba a kai ga zura musu kaset ba, to ka riƙe abin da ba a sake bugawa. TDK ɗin da ke hannunka akwai dubbansa a Japan da Turai. Kwalin fim ɗin da aka buga a Kano aka sayar a Kano, in ya ƙare a nan ya ƙare a duniya. A jikinsa akwai sunan kamfani, da fuskokin 'yan wasa da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, da adireshin shaguna da yanzu an mai da su na wani abu. Bayan kafa hukumar tace finafinai ta jiha a 2001 ma kwali ya zama wurin da ake neman shaidar an tace fim. Ka shimfiɗa su kwance, ka raba su da farar takarda, kada ka ɗaure su da roba, domin roba tana narkewa ta manne ta bar tabo.

Waɗanda aka yi rubutu a jikinsu kuma, kada ka kuskura ka ɗauki wani abu a kansu ko ka goge. Karanta abin da aka rubuta, da boko ko da ajami. Mai yiwuwa tafsirin azumi ne na wani malami da ya rasu, ko hawan Daushe na zamanin Sarki Ado Bayero, ko wasan kwaikwayo da aka ɗauka daga CTV ko NTA Kano, wanda watakila ko gidan talabijin ɗin ba shi da kwafinsa yanzu, tunda a lokacin ana maimaita ɗauka a kan kaset saboda tsada. Waɗannan a juye su zuwa kwamfuta da wuri. Funai, kamfani na ƙarshe da ke ƙera bidiyo, ya daina a 2016, a shekarar ne kuma Sony ya daina yin kaset ɗin Betamax. Injinan da suka rage tsufa suke, masu gyaransu kuma muna ƙarewa. Idan ka tarar da bikin wasu ko sunansu, amana ce. Ka nemi iyalan ka ba su, kada ka watsa matan mutane a waya.

Ajiya a Kano yaƙi ne da abu huɗu: zafi, laima, ƙura da gara. Zaren kaset leda ce da aka shafa wa garin maganaɗisu da wani irin danƙo. Laima tana ruɓar da danƙon, zaren ya yi ɗanko, ya riƙa kuka a inji yana barin baƙin gari a kan bidiyo. Zafin bazara da ke haura digiri 40 yana lanƙwasa gida ya sa leda ta tsuke har ta murɗe kwali. Abin da ya fi yi musu kyau shi ne sanyi kamar digiri 18 zuwa 20 da iska busasshiya, abin da ba mu da shi sai da na'ura da wutar da ba ta yankewa. Don haka nemi ɗakin da ya fi kowanne sanyi a gida, na ƙasa, wanda rana ba ta dukan bangonsa. Ɗakin da ke ƙarƙashin kwano babu silin kabari ne gare su. Ɗakin ƙasa irin na cikin gari ya fi sanyi nesa ba kusa ba, sai dai can gara take, kuma gara kwali take fara ci. Na rasa kwalaye sama da ɗari a damina ɗaya, na jingina katan da bango, da na ɗaga sai ƙasa ta zubo. Tun daga ranar ba na ajiye komai a katan. Robar nan mai murfi nake saya, in ɗora a kan kanta ta ƙarfe, taku ɗaya daga bango, in zuba ƙananan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu a kwalin takalmi da na magani. A rufe su a lokacin hunturu, ranar da iska ta bushe amma ƙura ta lafa. In ka rufe a watan Agusta, laimar ka kulle a ciki.

A jera kaset a tsaye kamar littattafai, kada a kwantar a ɗora wani kan wani. A nisanta su da lasifika, da janareta, da duk abin da ke da babban maganaɗisu, musamman waɗanda ke da ɗauka a kai. Kada a fesa maganin ƙwari a jikinsu, a fesa a ƙasa da bango.

Sai fumfuna. Leƙa ta taga: in ka ga fari-fari kamar an barbaɗa gari a kan naɗin zaren, ko kamar saƙar gizo, ta kama. Ware shi nan take a leda ta daban. Kada ka saka shi a bidiyo don gwaji, domin zai shafa wa kan injin, injin kuma ya shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya. Kada ka wanke da ruwa, kada ka shanya a rana. In emti ne mai fumfuna, ajiye kwalin da sitikar, kaset ɗin ba shi da sauran amfani. In mai ɗauka ne mai muhimmanci, akwai yadda ake buɗe gidan a share zaren a hankali, amma aikin wanda ya saba ne, ba na koyo a kan abin da babu madadinsa ba.

In za ka ci gaba da tarawa bayan wannan, kada ka ce sai ka mallaki komai. Ɗauki ɗaya mafi kyau daga kowane iri, biyu in akwai, sauran ka yi musaya da su. Wuraren nema su ne tsofaffin shagunan kayan lantarki na Sabon Gari, da masu gyaran rediyo da talabijin da har yanzu ke da tarkace a ƙarƙashin tebur, da tsofaffin masu ɗaukar biki, da gidajen alhazan da suka riƙa zuwa Makka a shekarun 1980. Su 'yan jari bolan ma ka yi abota da su, ka ce in sun samu su kawo maka kafin su fasa. Kuma ka sayi littafi ka riƙa rubuta kowanne: kamfani, lamba, ƙasar da aka yi shi, inda ka samo, da abin da mai shi ya gaya maka. Abokan mahaifinka da suka rage a kasuwa, je ka gaishe su da kaset a hannu, za ka ji suna faɗa maka shekarar da irinsa ya shigo da wanda ya fara kawo shi.

A wannan makon dai, fito da katan ukun daga siton, ka buɗe su a inuwa a kan tabarma, ka raba gida huɗu: masu leda, buɗaɗɗu marasa rubutu, masu rubutu, da masu fumfuna. Ka ɗauki hoton gaba da baya da ƙeyar guda ɗaya daga kowane iri, da saman kowane ɗaurin kwali, ka turo mini. Bayan kwalin na fi buƙata, inda ƙananan rubutun suke.